Kitsen jini da juna biyu: wadda za a ƙyale da wadda za a tsaya a kanta

A ɗauka mace ce mai cikin wata bakwai ta je awo, aka haɗa mata da gwajin kitsen jini cikin gwaje-gwajen da aka rubuta. Takarda ta fito, kusan kowane layi da jan alama a gefensa: kolestarol 270, alhali an rubuta kada ya wuce 200; tirigilisarid, wani nau'in maiƙon jini, 280, alhali iyakarsa 150. Kafin ta kai ga likita hankalinta ya riga ya tashi, ta fara lissafin abin da ta ci da wanda za ta daina ci. Likita ya duba, ya tambaye ta ko akwai wanda ciwon zuciya ya kama da ƙuruciya a danginsu, ta ce babu. Ya tambaya ko an taɓa yi mata wannan gwajin kafin ciki, ta ce an yi, kuma lafiya lau ya fito. Sai ya naɗe takardar ya miƙa mata, ya ce, "Malama, ajiye wannan. In kin haihu da wata uku mu sake dubawa."

Wanda bai san yadda abin yake ba zai ce likitan ya yi sakaci. Bai yi ba. Iyakokin da ake bugawa a gefen takardar gwaji na wanda ba shi da ciki ne, kuma na'urar da ta sa jan alamar ba ta san matar na ɗauke da juna biyu ba.

Ciki da kansa yana ɗaga kitsen jini, da gangan jiki yake yin haka. A watannin farko ba a ganin wani canji mai yawa, wani lokacin ma kolestarol yakan ɗan sauka, domin a lokacin jikin uwa tara kitse yake yi yana ajiyewa. Daga tsakiyar ciki sai al'amari ya juya. Sinadarin istirojin da ke ƙaruwa yana sa hanta ta riƙa zuba maiƙo a jini fiye da yadda ta saba, sinadaran da mabiyiya ke fitarwa kuma suna sa jiki ya rage jin maganar insulin, sannan abin da ke kwashe maiƙo daga jini ya kai shi ma'ajiya ya yi sanyi. Amfanin haka shi ne uwa ta koma ƙona kitse don samun ƙarfi, ta bar wa ɗan tayi sukari. Zuwa watanni uku na ƙarshe, kolestarol yakan ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin 100, tirigilisarid kuwa yakan ninka sau biyu zuwa uku, a wasu ma ya fi haka.

Kuma kolestarol ɗin da ake wa kallon abokin gaba, a nan kayan gini ne. Da shi ake yin bangon kowace ƙwayar halitta a jikin jariri, ƙwaƙwalwa ta fi kowane sashe buƙatarsa, kuma daga kolestarol ɗin jinin uwa mabiyiya ke haɗa furojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki. Akwai wata cutar gado da ba a cika samu ba, Smith-Lemli-Opitz, wadda aka fara bayyanawa a 1964, inda jikin jariri ke kasa kammala haɗa kolestarol. Irin waɗannan yara ana haifarsu da tawaya a ƙwaƙwalwa, fuska, yatsu da sauran gaɓoɓi. A riƙe wannan, domin daga nan tsoron magungunan rage kolestarol ga masu ciki ya samo tushe.

Saboda haka ga yawancin mata, gwajin kitsen jini a tsakiyar ciki ba ya ƙara komai sai fargaba. Matsalar tana wurin wasu rukuni biyu ko uku, marasa yawa, waɗanda ciki ke samunsu da ma jininsu ba daidai yake ba. Su ne abin magana, kuma abin takaici shi ne takardarsu da ta waccan matar ta farko suna iya yin kama a ido, in ba a yi tambayoyin da suka dace ba.

Rukuni na farko su ne masu hawan kolestarol na gado. Wannan ba ruwansa da ƙiba ko cin maiƙo. Siririyar yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana iya ɗauke da shi. A jikin hanta akwai wasu 'yan ƙofofi da ke kama LDL, wato nau'in kolestarol da ke liƙewa a jijiyoyi, su janye shi daga jini. Gano waɗannan ƙofofi ne ya sa aka ba Michael Brown da Joseph Goldstein lambar Nobel a 1985. Wanda ya gaji matsalar daga uwa ko uba, kusan rabin ƙofofinsa ba sa aiki, don haka LDL ɗinsa tun daga haihuwa yana kusan ninki biyu na sauran mutane. Ana samun haka a wajen mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba. Wanda ya gaje shi ta ɓangarorin biyu, uwa da uba, ba kasafai ake samunsa ba, wajen ɗaya cikin 300,000, amma nasa ya fi muni nesa ba kusa ba, har ciwon zuciya kan kama shi tun yana yaro.

Alamun suna nan ga mai lura: LDL da ya kai 190 ko fiye ba tare da ciki ba, uba ko ɗan'uwa da zuciya ta buga masa kafin shekara 55, uwa ko 'yar'uwa kafin 60 ko 65, kauri ko ƙululu a agara da bayan yatsun hannu, farin zobe a gefen baƙin ido ga wanda bai kai 45 ba. Likitan da ya san aikinsa yakan sa hannu ya shafa agarar mace kafin ya ce komai game da takardarta.

Irin wannan mace, in an gano ta da wuri, yawanci tana shan sitatin, maganin rage kolestarol. To a nan ne ake shiga ruɗani.

Tun da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da sitatin na farko, lobastatin, a 1987, aka sa wannan dangin magani a jerin waɗanda aka haramta wa mai ciki kwata-kwata. Dalilin yana da ma'ana: maganin yana toshe hanyar haɗa kolestarol, ɗan tayi kuma yana buƙatar kolestarol, an kuma ga tawayar ƙashi a 'ya'yan ɓeraye da aka ɗura wa lobastatin mai yawan gaske. Ga kuma lissafi mai sauƙi: mace mai ƙuruciya da ta ajiye magani wata tara ba ta yi asarar komai ba, to don me za a yi kasada? Sai dai haramcin bai tsaya a kan gwajin da aka yi wa mata ba, domin ba a yi ba. Bayan bala'in talidomaid a ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961, inda aka haifi dubban jarirai da gajerun hannaye da ƙafafu, masu bincike sun nesanta kansu daga mata masu ciki, har FDA a 1977 ta ba da shawarar a cire matan da ke shekarun haihuwa daga matakan farko na gwajin magunguna, ba a janye wannan ba sai 1993. An yi hakan don kare su, amma abin da ya biyo baya shi ne likita ya tsinci kansa yana yanke wa mai ciki hukunci da hasashe.

Hujjar da aka samu daga baya ta fito ne daga matan da suka sha maganin ba su san suna da ciki ba. Mafi girman bincike a kan haka an buga shi a 2015, an duba ciki sama da 880,000 a Amurka, cikinsu 1,152 uwayen sun karɓi sitatin a watanni ukun farko. Da farko alƙaluman sun tsorata mutane: tawaya sama da 6 cikin 100 ga waɗanda suka sha, wajen 3 da rabi ga waɗanda ba su sha ba. Amma su wa ake ba sitatin suna da ƙuruciya? Galibi masu ciwon sukari ne, ciwon sukarin da ba a daidaita ba kuwa shi kansa sanannen mai jawo tawaya ne. Da aka cire tasirinsa da na sauran larurori, bambancin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. Wannan darasi ne da ya wuce maganar sitatin: sau da yawa ana ɗora wa magani laifin cutar da aka ba da shi dominta. Wasu binciken sun ga ɗan ƙarin haihuwar bakwaini ko jarirai marasa nauyi a cikin masu shan sitatin, a nan ma da wuya a raba abin da magani ya yi da abin da larurar uwa ta yi.

A watan Yulin 2021 FDA ta nemi a cire wannan haramci mai tsauri daga takardun maganin. Mutane da yawa sun fahimci sanarwar a baibai, suka ɗauka an buɗe ƙofa ke nan. Ba haka ba ne. Hukumar ta ce yawancin mata su daina sha da zarar sun san suna da ciki, kuma wadda dole ta ci gaba da sha kada ta shayar. Abin da ya canza abu biyu ne. Na ɗaya, macen da ta sha na 'yan makonni kafin ta gane tana da ciki ba ta da dalilin firgita, balle a kawo mata maganar zubar da ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa rahoton Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna kusan rabin cikin da ake samu a duniya ba shirya masa aka yi ba. Na biyu, macen da ke cikin haɗari na ƙwarai, kamar wadda ta gaji cutar ta ɓangarori biyu ko wadda zuciya ta taɓa buga mata ko ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, yanzu ita da likitocinta suna da damar zama su auna, su ga ko ci gaba da maganin ya fi ajiye shi.

Ga wadda ke shirin ɗaukar ciki kuma ba ta cikin wannan haɗarin, shawarar ita ce ta daina tun kafin. Sai dai ba a haɗu a kan tsawon lokacin ba: ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta 2018 ta ce wata ɗaya zuwa biyu, hukumar NICE ta Birtaniya ta ce wata uku. Wannan saɓani da kansa yana nuna cewa ba wani ma'auni tsayayye aka bi ba, taka-tsantsan ne kowa ya yi gwargwadon yadda ya ga dama.

Yanzu ga abin da ni nake ganin an fi yin sake da shi, kuma ya fi tambayar ko sitatin na cutar da ɗan tayi muhimmanci. Lissafin "wata tara ne kawai" ƙarya ne. A ƙirga: wata uku kafin a fara neman ciki, a ce wata shida kafin cikin ya shiga, wata tara na goyonsa, sannan shekara ɗaya da rabi na shayarwa. Wata 36 ke nan, shekara uku cur, a kan ɗa guda. Mai 'ya'ya huɗu ta yi shekara 12 ba magani, in kuma haihuwar kusa da kusa take yi, mai yiwuwa ba ta koma kan maganin ba ko sau ɗaya a tsakani. Ba a ma sa ɓari ko jinkirin samun ciki a lissafin ba. Wani bincike da aka buga a 2021 a kan mata masu wannan cuta a Norwe da Holan, ƙasashen da ba a yawan haihuwa, ya samu cewa matsakaicin lokacin da suka yi ba magani saboda ciki da shayarwa shekara 2.3 ne, akwai wadda tata ta kai 14.

Me ya sa hakan ke da nauyi? Domin LDL ba ya yin ɓarna dare ɗaya. Ɓarnarsa ta taruwa ce, yawansa a ninka da shekarun da ya yi yana yawo a jijiya, kamar yadda ake ƙirga wa mai shan taba yawan kara da yawan shekaru. Kuma a watannin ciki LDL ɗin wannan mata ba komawa inda yake kafin magani kawai yake yi ba, ciki yana ƙara masa nasa a kai. Namijin da ke da cuta irin tata, wanda aka fara wa magani tare da ita, bai rasa ko wata guda ba.

Labari mai daɗi shi ne cikin kansa yawanci lafiya yake tafiya. A Norwe an bi diddigin haihuwa sama da 2,300 na mata masu cutar ta ɓangare ɗaya, aka buga sakamakon a 2011, ba a ga ƙarin bakwaini, rashin nauyi ko tawaya fiye da na sauran jama'a ba. Wato ba jaririn ne ke biyan kuɗin a ɗakin haihuwa ba, uwar ce ke biya shekara ashirin daga baya. (Akwai binciken da aka yi a Italiya a ƙarshen shekarun 1990 da ya ga zanen kitse a babbar jijiyar 'yan tayin da uwayensu ke da hawan kolestarol, abin da ya sa ake tunanin yaron ma yana ɗaukar wani kaso, amma wannan bai kai a gina hukuncin magani a kansa ba.)

To me za a ba ta a tsakani? Zaɓin ba shi da yawa. Akwai magungunan da ke tsayawa a hanji su kama ruwan matsarmama su fita da shi, kamar kolestiramin da kolesebelam. Da yake hanta da kolestarol take haɗa wannan ruwan, sai ta janyo ƙari daga jini. Ba sa shiga jini, shi ya sa ake natsuwa da su ga mai ciki da mai shayarwa. Amma ƙarfinsu bai taka kara ya karya ba, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 suke ragewa, inda sitatin mai ƙarfi ke rage rabi. Suna ƙara taurin bayan gida, wanda da ma mai ciki na fama da shi. Suna hana jiki tsotsar bitamin A, D, E da K da folik asid, ƙarancin bitamin K kuwa na iya jawo zubar jini ga uwa ko jariri, sannan suna kama wasu magungunan in an sha su lokaci guda, don haka sai an raba musu sa'o'i. Mafi muhimmanci, suna ɗaga tirigilisarid. Wadda nata ya riga ya haura 300, in aka ba ta, garin neman gira za a rasa ido.

Ga masu tsananin cutar akwai tace jini da na'ura, a fitar da jinin ta jijiya a cire LDL a mayar da shi, duk mako ko mako biyu. Ana yin sa ga masu ciki, amma sai a manyan cibiyoyi ƙalilan. Sauran magungunan, ezetimaib, alluran ebolokumab da alirokumab da suka fito a 2015, inkilisiran da bempedoyik asid, ana ajiye su saboda ba a tara isassun bayanai a kan masu ciki ba. Lomitafaid kuwa haramun ne kai tsaye, an ga yana jawo tawaya a dabbobi.

A yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan "na gargajiya" ko "ba sinadari". Jar shinkafar da aka tsima da wani naman gwari, wadda ake sayarwa a ƙwanso don rage kolestarol, tana ɗauke da monakolin K, wanda shi ne lobastatin sak, sai dai ba wanda ya auna yawansa. Mace za ta ajiye maganin asibiti don kare cikinta, ta koma shan shi ta bayan gida ba ta sani ba.

Rukuni na biyu nasu ba ya jiran shekara ashirin. Su ne masu hawan tirigilisarid mai tsanani, kuma a ganina duk mai karɓar awo ya kamata ya fi jin tsoron wannan fiye da kolestarol. Lissafin a fili yake: in ciki yana ninka tirigilisarid sau uku, wadda ta shiga da 100 za ta kai 300, ba komai. Wadda ta shiga da 400 fa? Da ya haura 500 an fara sa ido, da ya kai 1,000 haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da insulin da ruwan narkar da abinci, ya zama na gaske, kuma yawanci a watanni uku na ƙarshe yake faɗowa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan riga kowa gani. Ya juya jinin a na'ura, maimakon ruwan saman ya fito garau mai ɗan rawaya, sai ya fito fari kamar an zuba madara, in ya kwana a firji har wani kauri ya taru a samansa. Wani lokaci na'urar ma ƙin karanta sauran gwaje-gwajen take yi. Wannan kwalbar kaɗai ta isa a ɗaga waya a kira likita a take. Ita kuwa matar, abin da za ta zo da shi ciwo ne mai tsanani a saman ciki, ƙarƙashin ƙirji, yana ratsawa zuwa baya, da amai, ta fi samun sauƙi in ta zauna ta duƙa gaba. Abu ne mai sauƙi a ce ƙwannafi ne ko olsa, ko a zaci naƙuda ce ta zo da wuri, a ba ta magani a sallame ta. Kumburin fankiriyas irin wannan yana iya tafiya da uwa da ɗa.

Su wa ke cikin wannan haɗarin? Kaɗan daga ciki gado ne tsantsa, cutar da ke samun wajen mutum ɗaya cikin miliyan. Mafi yawa haɗuwa ce ta ɗan gado da wani abu da ya hau kansa: ciwon sukarin da ba a riƙe ba, ƙiba, raunin tayirod (gaɓar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo), ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, giya, ko magunguna irin su sitiroyid, istirojin na sha da wasu magungunan cutar ƙanjamau. Shi ya sa kafin a ɗauko maganin kitse, a fara auna sukari da tayirod. Sau da yawa gyara waɗannan biyun ne maganin. Wadda ta taɓa yin kumburin fankiriyas, ko nata ya taɓa hawa sosai lokacin da take shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin, jikinta ya riga ya ba da sanarwar abin da ciki zai yi mata. Irin wannan ana auna ta a kowane zango na cikin, in ya fara hawa a koma duk wata ko ƙasa da haka.

A nan abinci magani ne na gaske, ba nasiha ba. Ana rage mai ƙwarai, ga masu tsanani har zuwa gram 20 a yini, a rage sukari da abin sha mai zaƙi. Amma ba aikin da mace za ta yi da ka ba ne, domin ɗan tayi na buƙatar wasu nau'in mai don ƙwaƙwalwa da ido, ita ma tana buƙatar nauyinta ya ƙaru. Sai da masanin abinci. Ana ƙara omega-3 na asibiti mai yawa, wato wani nau'in mai da ake samu daga kifi. A lura, ba man hantar kifi ba, shi wannan cike yake da bitamin A, wanda yawansa ke cutar da ɗan tayi. In duk da haka yana hawa, likitoci kan ba da fenofaibiret ko jemfaibirozil bayan watanni ukun farko, domin a wannan matakin haɗarin barin cutar ya fi na maganin. In abin ya kai ga kwanciya, akan hana cin abinci na ɗan lokaci a sa ruwa, a ba da insulin ta jijiya musamman in sukari ya hau, wani lokacin a sauya ruwan jinin da na'ura, a kuma tattauna lokacin da ya fi dacewa a haihu, tunda da mabiyiya ta fita tirigilisarid yakan fara sauka da sauri.

Wani ɗan bayani ga mai karanta takarda: a ɗakunan gwaji da yawa ba auna LDL ake yi kai tsaye ba, lissafa shi ake yi daga sauran alƙaluman da wata dabara ta 1972, kuma dabarar tana rushewa in tirigilisarid ya wuce 400. Don haka LDL ɗin da ke kan takardar irin wannan mata ba abin dogaro ba ne.

Akwai kuma mai ciki da za ta zo da ƙaiƙayin tafin hannu da tafin ƙafa, ya fi tsananta da dare, ba ƙurji. Wannan alamar taruwar ruwan matsarmama ce a hanta. Yana ɗaga kolestarol, amma ba kolestarol ɗin ne abin dubawa ba, lafiyar jaririn ce, a gwada hanta ba tare da ɓata lokaci ba.

Duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ne da abu guda, sanin yadda jinin mace yake kafin ciki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaji ɗaya tak a farkon shekarun girma ya isa ya raba mata zuwa rukunan nan. Wadda aka samu da cutar gado, a gwada wanda za ta aura ko mijinta, domin kowane ɗa da za ta haifa yana da damar rabi da rabi ya gada, in kuwa su biyun duk suna da ita, ɗaya cikin huɗu na iya zuwa da mai tsananin. A duba zuciyarta kafin ta ajiye magani in akwai dalili. Kuma in neman ciki ya ja lokaci, kada a bar ta shekara biyu tana jira ba magani ba bincike. A gaggauta duba dalilin jinkirin.

Bayan haihuwa ne ake yawan sakin igiyar. Hankalin kowa ya koma kan jariri, likitan mata ya gama nasa, likitan zuciya bai san ta haihu ba, ita kuma tana jin kanta garau domin hawan kolestarol ba ya ciwo. Kitsen jini yakan fara sauka a makonnin jego, shi ya sa ake jira mako 6 zuwa 12 kafin a sake gwaji, in ba haka ba sakamakon zai ruɗar. Maganar shayarwa kuwa babu amsa ɗaya ga kowa. Nono yana da amfanin da ba a musu ga jariri, yana kuma taimaka wa uwa wajen sukari da nauyi. Wadda cutarta mai sauƙi ce tana iya shayarwa yadda take so, wataƙila da maganin nan na hanji. Wadda zuciya ta taɓa buga mata, ko ta gada ta ɓangarori biyu, gaskiyar da ya kamata a gaya mata ita ce kowane wata na da farashi, ta zaɓa da idonta a buɗe. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar abin ba rana. A rubuta a katinta: wata kaza za a yaye ko a sake zama, ranar kaza za a koma kan magani, ga hanyar tazarar da ta dace kafin ciki na gaba, wadda ba ta da istirojin in tirigilisarid ne matsalarta.

Akwai wasu matan da ba su taɓa jin sunan kolestarol ba, amma cikin ya tona musu wani abu. Wadda ta yi hawan jinin masu ciki mai zuwa da furotin a fitsari, wanda kan kai ga jijjiga, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki a gaba yana kusan ninkuwa a kanta, har ƙa'idar Amurka ta 2018 ta sa shi cikin abubuwan da ke ƙara nauyi wajen yanke shawarar fara sitatin. Wadda ta yi ciwon sukarin ciki ma haɗarinta yana ƙaruwa, ga kuma yiwuwar ya dawo ya zauna. An ma gwada ko firabastatin, wani nau'in sitatin, zai hana wannan hawan jinin na masu ciki. A wani gwaji na mata sama da 1,000 da aka buga a 2021, inda aka fara ba su daga mako na 35, bai hana ba. Su ma waɗannan matan suna buƙatar gwajin kitse, sukari da hawan jini bayan haihuwa, kuma duk likitan da za su gani nan da shekara goma sha biyar ya kamata ya ji labarin wancan cikin, ko da bai tambaya ba.

Yaron da mai cutar gado ta haifa kuwa ba sai an tsikare shi yana jariri ba, sai in mahaifinsa ma yana da ita, a nan kam da wuri ake dubawa. In ba haka ba, a gwada shi kafin ya cika shekara 10, domin tsakanin 8 da 10 ake fara magani ga wanda ya gada. In mace ce, shekarun da za ta samu tana sha kafin cikinta na fari su ne za su rage mata giɓin da uwarta ta sha.